Biskit ɗin ots da kwakwa: yadda nake gasa shi a gida a Damagaram

Karon farko da na yi wannan biskit ɗin, ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah ne. Na goge kwakwa ɗanya, na juye ta cikin kwaɓi yadda take da ruwanta, na gasa, ƙamshi ya cika gida. Da sauran ɗuminsa na zuba a gwangwani na rufe. Ranar Sallah da na buɗe don in fitar wa baƙi, sai na tarar ya yi laushi kamar ya kwana a raɓa, na ƙasa har sun fara funfuna. Gwaggona, wadda ta shekara da shekaru tana yin alkaki, ta ɗauki ɗaya ta karya, ta sansana, ta ce: "Ɗiyata, ba ki busar da kwakwar nan ba. Kuma da zafinsa kika rufe." Na ce, "Haka aka yi, Gwaggo, yaya kuka gane?" Ta ce hanci ne ya gaya mata.

Tun daga ranar na fahimci cewa aikin biskit gaba ɗaya aikin korar ruwa ne. Sunan ma da kansa ya faɗa: a Faransanci asalin kalmar na nufin abin da aka gasa sau biyu, don ya bushe ya daɗe. Mu a nan Allah ya ba mu busasshiyar iska da ke taya mu wannan aiki, ya kuma ba mu zafin da ke narkar da bota kafin a gama kwaɓi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, ƴar'uwa, kan waɗannan biyun yake.

Kwakwa tukuna

Kwakwa ba ta fita a ƙasarmu. Daga kudu take zuwa, daga garuruwan bakin teku, ta kwana a mota ta kwana a rumfa kafin ta iso hannunki. Don haka kada ki aiki yaro ya ɗauko wadda ta zo hannu. Ki je da kanki, in da hali ranar Alhamis da Kasuwar Dole ke ci sosai. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki girgiza ta kusa da kunne. Wadda ruwa ke kaɗawa cikinta da yawa ita ce mai lafiya. Wadda ta yi shiru, ko ta tsage ne ruwan ya tsiyaye, ko ta tsufa. Ki duba idanunta ukun nan: su kasance a bushe, ba danshi, ba fari-farin funfuna. Guda ɗaya madaidaiciya ta ishi awon da zan ba ki.

A gida, ɗaya daga cikin idanun ukun yana da taushi. Ki huda shi da tsinin wuƙa ki tsiyaye ruwan a kofi, ki ɗanɗana. In ya yi zaƙi-zaƙi, to madalla, ki ba yara su sha. In ya yi tsami ko yana da warin tsohon mai, ki haƙura da kwakwar nan gaba ɗaya, don gashi ba ya gyara ta, sai dai ta ɓata miki bota da ƙwai. Daga nan ki ɗora ta kan garwashi mara ƙarfi kamar minti biyar kina juyawa. Zafin yana sa naman ya saki ɓawo, in kin buga ta da bayan adda ko taɓarya sai ki ga tana ɓantarewa ba wahala. Baƙar fatar da ke manne a bayan naman, ni nakan kankare ta don in sami biskit mai haske, amma barin ta ba laifi ba ne.

Ki goge ta a abin goga kuɓewa, ɓangaren ƙananan ramuka. Kada ki kai ta inji, kada kuma ki matse ta. Farin ruwan nan mai kama da madara shi ne man kwakwar da daɗinta. In kin matse shi, dusa kawai kika bari.

Yanzu ga wurin da na yi kuskure a karon farko. Naman kwakwa ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, busasshen garin kwakwa na leda kuwa ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Tazarar nan ita ce za ki cike. Ki baza ta siriri a kan babban tire, ki rufe da farin ƙyalle mara kauri saboda ƙura da ƙuda, ki ajiye a rana. A hunturu ko bazara, in kin shanya da hantsi, kafin la'asar ta yi. Ki riƙa motsa ta da yatsu sau biyu ko uku. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, kada ki dogara da rana. Ki zuba ta a busasshiyar tukunya mai faɗi ba mai, wuta ƙasa-ƙasa, ki tsaya a kai kina juyawa minti 10 zuwa 15. Ba soya ta za ki yi ta yi ja kamar ta kwakumeti ba, don akwai wata wutar da ke jiranta a gaba. Da ta fara canza launi kaɗan, ki sauke ki juye a tire nan take, domin zafin tukunya kaɗai yana ƙarasa ƙona ta.

Gwajinta mai sauƙi ne. Ki dumbuzi kaɗan ki dunƙule a tafin hannu, ki buɗe. In ta watse war-war, ta bushe. In ta tsaya a dunƙule, da saura.

Wadda ta samu garin kwakwa na leda a shago ta huta da duk wannan. Ki dai sansana kafin ki zuba. Amma gaskiya ƙamshinsu ba ɗaya ba ne da wadda kika goge da hannunki.

Ots, fulawa da mai

Ots hatsi ne na ƙasashen sanyi, Rasha da Kanada ne kan gaba wajen nomansa, mu kuma a gwangwani ko leda yake zo mana, har mun fi saninsa da sunan kamfanin Quaker. Ya fi alkama mai a jiki, shi ya sa in an buɗe shi aka bari a zafinmu yake saurin yin wari, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Ki duba kwanan watan da ke jikin gwangwani, ki zuba kaɗan a faifai ki ga ko akwai ƙwari ko zare-zaren tsutsa. Nakan ɗan gasa shi a busasshiyar tukunya minti biyar har ya fara ƙamshin gasasshiyar gyaɗa, in bar shi ya huce. Kada ki daka shi ya zama gari; ɓarzar nan tasa ita ce daɗin taunawa.

Ots ba shi da danƙon da alkama ke da shi, ba ya riƙe kansa. Fulawa ce ke ɗaure shi. Wasu suna cire ta wai don biskit ɗin ya fi lafiya, sai ya ruguje musu a hannu. Kuma tunda maganar ta zo, ots abinci ne mai amfani ga jiki, amma wannan biskit ne mai sukari da bota. Mai ciwon sukari kada a ba shi da sunan magani.

Batun mai kuma, bota ta gaske ita ce ta fi, sai dai ba kullum ake samunta ba, kuma tana da tsada. Bota ta gwangwani da ake shafa wa burodi tana yi. Man shanu ma yana yi, kuma ni na fi son ƙamshinsa da kwakwa, amma da sharaɗi. Ɗanyen man shanu yana da sauran nono da tsami a jikinsa, sai kin soya shi shi kaɗai, ba albasa, kin tace, kin bar shi ya huce ya fara kama jikinsa. Soyayyen man shanu mai ne zalla, bota kuwa kusan kashi 80 cikin 100 ce mai, sauran yawanci ruwa. Saboda haka in da shi za ki yi, ki rage awo ki ƙara ƴar madara. Man gyaɗa ban ba ki shawara ba, biskit ɗin yakan fito da nauyi yana naso a takarda.

Ga awon da nake yi, yana ba ni biskit 24 zuwa 26:

Ots giram 150, fulawa giram 125, busasshiyar kwakwa giram 80, sukari giram 120, bota giram 125 (ko soyayyen man shanu giram 100 da madara cokali biyu na cin abinci), ƙwai 1, bekin hoda cokalin shayi ɗaya a shafe, gishiri ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, da ƴar leda ɗaya ta sukarin banil in kina so.

In ba ki da sikeli, ki nemi kofin da robar ruwa ta rabin lita ke cika shi sau biyu. Da shi, ots kofi ɗaya da rabi ne da ɗan ɗori, fulawa kofi ɗaya a shafe ba dannawa, kwakwa kofi ɗaya, sukari rabin kofi da cokali ɗaya, bota rabin kofi da ɗan ƙari. Bekin hoda kuma, a shagunanmu da sunanta na Faransanci za ki tambaya, lebir ta gato, mai ƴar ledar takarda. Rabin leda ya isa. Ki tabbata ba yis na burodi aka miƙo miki ba. Kanwa kuma ba ta maye gurbinta a nan, tana baƙanta biskit ta bar masa ɗanɗanon sabulu.

Kwaɓi

Ki zaɓi lokaci. Bota tana narkewa da zafi ya kai maki 32 zuwa 35, mu kuma a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. In ta narke ta zama ruwa kafin ta shiga wuta, biskit ɗin zai baje ya haɗe da ɗan'uwansa ya zama faifai guda. Shi ya sa a bazara nake kwaɓi bayan sallar asuba. A hunturu kuwa akasin haka ne, sai kin ajiye botar kusa da murhu ta ɗan saki. Abin da ake so, ki danna ta da yatsa ta lotsa, amma ba ta malala ba.

Ki sa bota da sukari a roba mai zurfi, ki buga da muciya ko cokalin katako minti huɗu zuwa biyar, har launin ya yi haske, ya yi sauƙi a hannu. Iska kike shigarwa, ita ce za ta sa biskit ɗin ya yi garas-garas maimakon ya yi tauri. Sukarinmu na awo wani lokaci ƙwayarsa manya ce. In haka ne, ki ɗan daka shi a turmi mai tsabta wanda bai ga yaji ba.

Ƙwan, ki fasa shi a wani kofi daban tukuna. Da zafin nan ba a yarda da ƙwai sai an gani. In lafiya lau ne, ki juye ki buga har ya ɓace a ciki.

A wani kwano ki tankaɗe fulawa da bekin hoda da gishiri tare, ki zuba ots da kwakwa ki gauraya da hannu. Sai ki juye su kan botar gaba ɗaya, ki juya a hankali. Da kin daina ganin farin gari, ki tsaya. Hannunmu ya saba da murza kwaɓin cincin da dubulan da buga na fanke, to nan sai kin riƙe shi. Yawan murzawa yana tayar da danƙon fulawa, biskit ya fito da taurin da haƙori ba ya so. Kwaɓin zai yi kauri, yana ɗan manne wa cokali. In ya ƙi haɗuwa yana warwatsewa, madara cokali ɗaya ta isa. Kada ki yi saurin ƙara ruwa.

Ki rufe ki bar shi ya huta minti 30. In akwai firigo kuma akwai wuta, can ne wurinsa. In babu, ki sayi ƙanƙara ki sa a babbar roba ki ɗora robar kwaɓin a kai, ko ki naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye gindin randa. Hutun nan ba na ado ba ne: botar tana kama jikinta, ots kuma yana tsotse danshin ƙwai, sai kwaɓin ya yi daɗin mulmulawa.

Ki shafa wa tire mai kaɗan ƙwarai, ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe. Ki ɗebi kwaɓi cikin cokalin cin abinci, ki mulmula kamar girman ƙaramin lemun tsami, ki ajiye, ki danna da bayan cokali mai yatsu har kaurinsa ya koma kamar na ƙaramin yatsanki. Ki bar tazarar yatsu biyu tsakaninsu. Ki yi ƙoƙari girmansu ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙanana za su ƙone manya ba su nuna ba.

Wuta

Mai tanda ta gaz ko ta lantarki, ki kunna ta minti 15 kafin ki sa komai. Maki 170 zuwa 180 ake so. In irin mai lamba 1 zuwa 8 ce ta tsarin Faransa, lamba 6 ke nan. Tire a tsakiya, minti 12 zuwa 15. Yawancin tandunan gaz da ke gidajenmu daga ƙasa kaɗai wutarsu take, shi ya sa ake kukan ƙasa ya ƙone sama fari. Maganinsa, ki sa wani tire da ɗan rairayi a hawan ƙasa ya tare kaifin wutar, kuma in an yi minti takwas ki juya tiren biskit, na gaba ya koma baya.

Amma na san da yawa daga cikinmu tukunya ce tandarmu, kuma da ita na fi yi, don ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ki samu babbar tukunya mai kauri da murfin ƙarfe mara hannun roba. Ki zuba rairayi mai tsabta, wanda kika tankaɗe kuma ya bushe sarai, kaurin yatsu biyu zuwa uku. Ki dasa ƙananan gwangwanayen tumatir uku da kika wanke, ko duwatsu uku masu kai ɗaya, don tiren ya zauna a kansu bai taɓa rairayin ba. Ki rufe, ki ɗora kan murhun gawayi minti 15 zuwa 20 tukunyar ta ɗauki zafi.

Sirrin yana wajen rabon garwashi. Na sama ya fi na ƙasa yawa. In tukunyar ta yi zafi, ki kwashe fiye da rabin garwashin ƙasa, ki kife murfin ya zama kamar kwano, ki baza garwashin a kansa, ki fi kai shi gefe-gefe, tsakiya kaɗan. Garwashin da ya yi ja ya fara farar toka ake so, ba gawayin da ke hayaƙi ba, don kwakwa da bota suna kama warin hayaƙi nan da nan. Ki soka ɗan tsinke ko ƙusa tsakanin murfi da bakin tukunya tururi ya samu hanyar fita; in ya taru a ciki, dafa biskit ɗin zai yi, ba gasawa ba. Duk sanda za ki buɗe, ki ɗaga murfin a hankali da tsumma biyu ki kai shi gefe, kada toka ta zuba.

Tunda tukunya ba ta da lamba, ki gasa guda ɗaya tak a matsayin gwaji. In gefensa ya yi baƙi cikin minti shida ko bakwai, wuta ta yi yawa, ki rage ta ƙasa. In an kai minti 20 yana nan fari yana naso, ki ƙara ta sama. In kuma ya baje kamar ƙosan da ya sha ruwa, kwaɓin ne ya yi ɗumi, ki mayar da shi kan ƙanƙara, ko ki ƙara fulawa cokali ɗaya. Gara ki yi asarar guda ɗaya da ki yi ta tire guda. A tukunya yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, kuma zubi na biyu ya fi na farko sauri saboda rairayin ya gama ɗaukar zafi, sai ki ƙara sa ido.

Abu ɗaya da nake roƙonki: komai sanyin hunturu, kada ki shiga da murhun gawayi ɗaki ki rufe ƙofa. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. A tsakar gida ko rumfa mai iska za ki yi, ki kare murhun daga iska da kwano ko tabarma daga nesa.

Hanci yakan riga ido sanin ya nuna. Da ƙamshin gasasshiyar kwakwa ya tashi, ki leƙa. Gefe ya yi ja-ja kamar zuma, tsakiya ya fi haske, in kin taɓa kuma za ki ji da ɗan taushi. To ki sauke a haka. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ce bai yi ba su mayar, alhali biskit sai ya huce yake ƙarfi. Ki bar shi kan tirensa minti biyar, sannan ki ɗaga da wuƙa mai faɗi ki jera a kan rariya ko faifai inda iska ke shiga ta ƙasa. Kada ki ɗora wani kan wani. In bayan ya huce kin karya kin ga cikin da danshi, ki mayar da su tukunya bayan kin kwashe garwashin duka, zafin rairayi kaɗai ya ƙarasa busar da su minti goma.

Sauye-sauye da ajiya

In hannunki ya faɗa, za ki iya wasa da shi. Busasshen dabino da aka yanka ƙanana, rabin kofi, yana shiga sosai, sai ki rage sukari cokali biyu. Riɗi cokali biyu ma haka, ko ƴar garin citta. Mutanen Ostareliya da Niyu Zilan suna da nasu biskit na ots da kwakwa da suke kira Anzac, wanda ake dangantawa da sojojinsu na yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918. Ba a sa masa ƙwai, da narkakkiyar bota da ruwan sukari mai kauri ake haɗa shi, shi ya sa yake daɗewa. Na gwada irinsa da zumarmu: ki cire ƙwan, ki narkar da botar da zuma cokali biyu, ki sa bikarbonat rabin cokalin shayi da kika narkar a ruwan zafi cokali biyu a madadin bekin hoda. Ya fi duhu, ya fi ƙarfi, kuma shi nake yi wa ɗalibi mai komawa makaranta ko mai doguwar tafiya Agadas. Sai dai zuma tana saurin ƙonewa, ki rage wuta.

Wajen ajiya, ki jira awa guda cur, har ki taɓa ki ji ba ɗumi ko kaɗan. Ki zuba a gwangwanin madara ko na ots ɗin da ya ƙare, busasshe, mai murfin da ke kamawa, ki shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Kada ki haɗa shi gwangwani ɗaya da alkaki ko gato, zai ja danshinsu ya yi laushi cikin dare ɗaya. Kada kuma ki sa shi a firigo. A hunturu yana kai kwana goma zuwa sati biyu lafiya lau. Da damina ki yi wanda za a cinye cikin kwana biyar ko shida. Saboda tururuwa, nakan ɗora gwangwanin a kan kofi da na kife cikin faranti mai ɗan ruwa, can saman kanta inda rana ba ta kaiwa.